Tambayoyi da amsoshi kan yadda kulob ɗin AFL ke zaɓar 'yan wasa da tsara jerinsa

Kulob 18 ne ke buga gasar AFL ta ƙwallon Ostareliya, 10 daga cikinsu a jihar Victoria. Ana fara kaka a Maris, a buga wasan ƙarshe a filin MCG na Melbourne wajen ƙarshen Satumba. Sai dai aikin da ke ɗaga kulob ko ya durƙusar da shi a Oktoba da Nuwamba ake yin sa, lokacin musayar 'yan wasa da zaɓen sababbi. Abu uku kulob ke juyawa a lokacin: lambobin zaɓe (wato matsayinsa a layin ɗaukar matasa), kuɗin albashi, da guraben da ke cikin jerinsa. Kowanne a ƙayyade yake, kuma in ka ci gaba a ɗaya, yawanci ɗayan ne ya biya.

Me ya hana kulob mai kuɗi sayen duk ɗan wasan da yake so?

Babu kuɗin sayen ɗan wasa a AFL. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai sai ya ajiye wannan lissafi gefe. Kulob ba ya miƙa wa wani kulob miliyoyi ya ɗauke gwaninsa. Lambar zaɓe ko wani ɗan wasa yake bayarwa. Matasa ma ba su ke zaɓar inda za su je ba, ɗaukarsu ake yi bi da bi, kuma kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a tebur shi ke fara ɗauka. Ga kuma iyakar albashi guda da ta hau kan kowa. Ba a faɗawa ƙaramar gasa, saboda haka kulob na iya haƙura da shekara biyu ko uku na shan kashi yana tara matasa ba tare da ya rasa matsayinsa ba. An fara wannan ɗaukar matasa, da ake kira zaɓen ƙasa, a 1986, tun gasar tana amsa sunan VFL.

Mutum nawa ne a jerin kulob, kuma wa ke da ta cewa?

Iyaka 44. Babban jeri yana ɗaukar 36 zuwa 38. Ƙaramin jeri na rukunin A shi ke cike adadin ya kai 42. Sauran gurabe 2 na rukunin B ne, waɗanda ake ware wa irin 'yan wasan da suka fito daga wani wasa daban ko wata ƙasa. A ranar wasa 23 ake fitarwa, 18 a fili, 5 a benci. Ke nan kusan rabin jerin suna buga wa ƙungiya ta biyu a gasar jiha, ko suna jinya.

Manajan jeri ne ke riƙe da kwantiragi, musaya da lissafin albashi. Shugaban masu farautar 'yan wasa shi ke jera sunayen matasa. Koci yana cikin kwamitin, amma kulob mai hankali ba ya bar masa wuƙa da nama. Dalili a fili yake: kocin da kujerarsa ke rawa nasarar baɗi yake nema, manajan jeri kuwa dole ya hango shekara biyar.

Yaya ake gudanar da zaɓen ƙasa?

A Nuwamba, cikin dare biyu. Sai yaro ya cika 18 kafin ƙarshen shekarar zaɓen. Dole kowane kulob ya yi amfani da aƙalla lambobi 3, ko da yake ɗaga ɗan ƙaramin jeri zuwa babba ana ƙirga shi a ciki. Wannan doka ita ke tilasta wa ko da zakara ya sallami mutane duk shekara. Waɗanda aka ɗauka a sahun farko kwantiragin shekara 3 suke samu, sauran shekara 2, kuma albashinsu na farko a rubuce yake cikin yarjejeniyar da AFL ta yi da ƙungiyar 'yan wasa, ba a ciniki a kansa. Tun 2018 ana iya musayar lambobi ana tsakiyar zaɓen, don haka kulob yakan shiga ɗakin da tayi biyu ko uku a shirye.

Me masu farauta ke dubawa a jikin yaro?

Suna bin yaro tun yana 16. A Victoria da Tasmaniya gasar 'yan ƙasa da 18 ce babbar mahaɗa, a Kudancin Ostareliya gasar jihar ce, SANFL, a Yamma kuma WAFL. A tsakiyar shekara ake gasar ƙasa tsakanin Vic Metro (birnin Melbourne), Vic Country (sauran Victoria), Kudanci, Yamma da Allies (haɗakar sauran yankuna), kuma wasannin nan sun fi nauyi a ma'auni domin a nan gwani ke haɗuwa da gwani. Yaron da ke buga wa manya a SANFL ko WAFL yana da wata shaida ta daban: an ga yadda yake yi in ƙato ya buge shi.

Abin da ake fara tambaya shi ne ƙafa. Yana kai ƙwallo inda ya nufa in an matsa masa? Yana iya bugu da ɗaya ƙafar? Sai hannu, ko yana ɗaukar ƙwallo daga ƙasa a karo ɗaya. Sai saurin yanke shawara a cikin cunkoso. Ƙarfin jiki da juriya ana gina su a kulob cikin shekara biyu ko uku, amma ƙafar da ta karkace tun ƙuruciya da wuya ta miƙe. Shi ya sa yawan taɓa ƙwallo a takardar alƙaluma ke yaudarar 'yan kallo. Yaron da ya riga sa'o'insa girma zai tara taɓawa 30 a wasan matasa, ya zo cikin manya ƙarfin nan ya zama ba komai ba.

A Oktoba ake gwajin ƙasa: gudun mita 20, gudun zagaye sanduna, tsallen tsaye da na gudu, da gudun kilomita 2. Duk wanda ya yi mita 20 a ƙasa da daƙiƙa 3 ana ɗaukarsa mai sauri. Amma sakamakon gwaji tabbatar da abin da ido ya gani yake yi, ba ya maye gurbinsa. Abin da kulob ya fi amfana da shi a makon shi ne binciken likita, musamman tarihin gwiwa, ƙugu, ƙashin ƙafa da buguwar kai, sai kuma hira. Ana zuwa gidan yaro a zauna da iyayensa, a tambayi malamansa da kocinsa na unguwa. Ana son a san yadda yake karɓar gyara, da kuma ko zai iya zama nesa da gida.

Duk da haka kuskure ba ya ƙarewa, ta kowane ɓangare. James Hird da lamba 79 aka ɗauke shi a 1990, Dane Swan da lamba 58 a 2001, kuma dukansu sun ci lambar yabo ta Brownlow, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan kaka.

A ɗauki wanda ya fi kowa iyawa, ko wanda kulob ke buƙata?

A zagayen farko, wanda ya fi iyawa. Yaro ɗan 18 ba zai toshe ɓarakar bana ba, kuma kafin ya nuna buƙatar kulob ta sauya. Ɓaraka ta gaggawa da musaya ake toshe ta, ko da ɗan wasa mai shekara 23 zuwa 26 daga gasar jiha.

Inda lissafin ke rikicewa shi ne dogaye. Ɗan tsakiya nagari yana iya shiga ƙungiyar farko a shekararsa ta farko. Dogon ɗan gaba ko dogon ɗan baya sai ya shekara huɗu ko biyar kafin jikinsa ya cika. Rakman, wato dogon da ke tsallen bugo ƙwallo idan alƙali ya jefa ta sama, ya fi kowa jinkiri. Don haka kulob da yawa ba sa kashe lambar sama a kan rakman. Dean Cox da Aaron Sandilands ta ƙaramin jeri suka shigo, Max Gawn kuma da lamba 34 a 2009. Dogon ɗan gaba na gaske kuwa da wuya a same shi a ƙasan zaɓe, kuma in ya girma tsadarsa a musaya ba ta kama hannun yaro. In kulob na ƙasan tebur ya gan shi, ya ɗauka ya yi haƙuri.

Mece ce dokar uba da ɗa, kuma yaya taya da maki ke aiki?

In uba ya buga wa kulob wasa 100, kulob ɗin yana da fifiko a kan ɗansa, muddin yaron ya amince. Ta haka Geelong ta samu Gary Ablett ƙarami da lamba 40 a 2001, Collingwood ta samu Nick Daicos a 2021, Brisbane ta samu Will Ashcroft a 2022 da ƙanensa Levi a 2024. Irin wannan fifiko yana ga kulob huɗu na arewa, Sydney, GWS (Greater Western Sydney), Brisbane da Gold Coast, a kan yaran makarantun horonsu, domin a jihohinsu wasan rugby ne ya fi ƙarfi.

A da abin garaɓasa ne. A 2014 Melbourne ta taya Isaac Heeney da lamba 2, Sydney ta karɓe shi da lamba 18 kawai. Shi ne aka shigo da tsarin maki a 2015. Kowace lamba tana da daraja, lamba 1 maki 3000, suna raguwa zuwa ƙasa. A daren zaɓe wani kulob zai kira sunan yaron, wannan shi ne tayi. A tsarin na 2015, kulob mai fifiko sai ya biya makin lambar da aka yi tayin da ita, bayan an yi masa rangwame, ta hanyar haɗa lambobinsa na gaba. In makinsa bai kai ba, bashin ya hau kan lambarsa ta shekara mai zuwa. In ya ga tsada, ya sallama.

Nan take manajoji suka gano dabara: a sayar da lambar sama tun kafin tayi ya cinye ta, a tara lambobi na 30 da 40 masu yawa a biya da su. Gold Coast ta kwashi yaran makarantarta huɗu a zagayen farko na 2023. Ƙorafi ya yi yawa, sai a 2025 aka rage rangwamen daga kashi 20 zuwa kashi 10, aka kuma tsayar da maki a lamba 54 maimakon 73, don ƙananan lambobi su daina sayen manyan yara da arha.

Akwai tsari na uku, na makarantun da kulob ke da su a yankunan da aka ware musu don yaran asalin Ostareliya (wato Aborijin) da 'ya'yan baƙin haure. Isaac Quaynor, wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne, ta nan Collingwood ta same shi a 2018. Bayan Western Bulldogs ta karɓe Jamarra Ugle-Hagan da lamba 1 a 2020 aka tsaurara dokar na wani lokaci, abin da ya sa Melbourne ta rasa Mac Andrew, ɗan asalin Sudan ta Kudu da ta rena, ya tafi Gold Coast da lamba 5 a 2021. Darasin ga manajan jeri shi ne kada ya gina shirin shekara uku a kan dokar da AFL ke yawan taɓawa.

Ana iya musayar ɗan wasa ba da son ransa ba?

A'a, sai ya yarda. A aikace ma ɗan wasan ne ke fara ambata kulob ɗin da yake so, sannan kulob biyu su zauna ciniki cikin kwana goman da aka ware a Oktoba. Wannan yana raunana mai sayarwa, tunda mai saye ɗaya ne. Makaminsa shi ne kwantiragi: in da sauran shekaru, yana iya cewa ba ya sayarwa. In kwantiragi ya ƙare, abin da ya rage masa shi ne barazanar barin yaron ya shiga zaɓe, inda wani kulob daban zai iya ɗauke shi.

Tun 2015 ana musayar lambobin shekara mai zuwa. Caca ce a kan tebur: wanda ya ba da lambarsa ta baɗi yana zaton zai hau sama ne, in kaka ta lalace sai ya ga lamba 3 ko 4 a hannun wani.

Yaushe ɗan wasa ke samun 'yancin tafiya?

An fara wannan tsari a ƙarshen kakar 2012. Wanda ya shekara 8 a kulob ɗaya kuma kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da musaya ba. In yana cikin kashi 25 na masu albashi mafi tsoka a kulob ɗin, 'yancinsa da sharaɗi: kulob yana da kwana 3 ya biya daidai abin da aka taya. In ba ya cikinsu, ko ya kai shekara 10, ba mai tare shi. Wanda kulob ya sallama shi ma yana da cikakken 'yanci.

AFL na ba kulob ɗin da ya yi rashi lambar diyya, gwargwadon shekarun ɗan wasan da girman sabon kwantiraginsa. Babbar diyya tana biyo bayan lambar kulob ɗin ta farko, saboda haka matsayi a tebur ya fi sunan ɗan wasa tasiri. Hawthorn tana zakara ta rasa Lance Franklin a 2013, ta samu lamba 19. Melbourne tana ƙasan tebur ta rasa James Frawley a 2014, ta samu lamba 3. Daidaita tayi kuma ba lalle don a riƙe ɗan wasa ake yi ba. GWS ta daidaita tayin Geelong a kan Jeremy Cameron a 2020 don ta tilasta musaya, ta fito da lambobi uku na zagayen farko.

Yaya ake tsara iyakar albashi, kuma ina ake yin tuntuɓe?

A 2025 iyakar ta kusan dalar Ostareliya miliyan 17.8 ga kowane kulob. Dole a kashe aƙalla kashi 95 nata. Abin da aka rage ana iya ajiye shi a kashe daga baya, har zuwa kashi 105 a shekara guda.

Kulob mai matasa yana da rarar kuɗi, don haka sai ya biya manyansa kaso mai yawa tun a farkon kwantiragi, ya buɗe wa kansa wuri a shekarun da zai nemi kofi. Kulob mai neman kofi yanzu yana yin akasin haka, ya tura nauyi gaba. Wannan na biyun bashi ne, kuma ranar biya tana zuwa. A 2020 Collingwood ta rabu da Adam Treloar, Jaidyn Stephenson da Tom Phillips a farashi mai rahusa don ta sami sarari. Ta ba Brodie Grundy shekara 7, ta kuma miƙa shi ga Melbourne a 2022 tana ci gaba da biyan wani ɓangare na albashinsa. A shekarar ce Gold Coast ta haɗa wa Geelong Jack Bowes da lamba 7, don dai a ɗauke mata nauyin kwantiraginsa.

Dogon kwantiragi yana rage kuɗin shekara, yana kuma korar masu zawarci. Sydney ta ba Franklin shekara 9 a kan kusan dala miliyan 10, ya kuma buga su. Amma rauni ba ya duba takarda. Angus Brayshaw ya yi ritaya a 2024 bisa shawarar likitoci saboda buguwar kai, da sauran shekaru a kwantiraginsa.

Biyan kuɗi ta bayan fage kuwa hukuncinsa a lambobi yake ciwo. A 2002 an ci Carlton tarar dala 930,000 aka ƙwace mata lamba 1 da 2. Ta zo ta ƙarshe a tebur a 2005 da 2006.

A rushe a sake gini, ko a riƙa yin ciko?

Ƙungiyar da ke cin kofi yawanci tana da gungun 'yan wasa masu shekara 24 zuwa 29 waɗanda suka buga wasa 100 zuwa sama, kuma da yawansu tare suka buga. Aikin manajan jeri shi ne ya sa gwanayensa su nuna a lokaci guda. Gwani ɗan 31 da gwani ɗan 20 ba za su daɗe suna cin moriyar juna ba.

Hawthorn ce misalin da ake yawan kawowa. Ta ɗauki Luke Hodge da Sam Mitchell a 2001, sai Jarryd Roughead, Franklin da Jordan Lewis da lambobi 2, 5 da 7 a 2004. Ta ci kofi a 2008. Daga nan ta koma ciko, kowane mutum da ramin da zai toshe: Shaun Burgoyne, Josh Gibson, David Hale, Jack Gunston, Brian Lake. Kofi uku a jere suka biyo baya, 2013 zuwa 2015. Brisbane ta bi sawu: ta zo ta ƙarshe a 2017, ta tara matasa, ta kawo Lachie Neale a 2018, Joe Daniher a 2020 da Josh Dunkley a 2022, ta ci kofi a 2024 da 2025. A duka biyun zaɓe ne ya fara, ciko ya biyo baya. Kulob ɗin da ya juya wannan tsari, ya sayar da lambobinsa tun ginshiƙinsa bai tsaya ba, yakan maƙale a tsakiyar tebur, ba kofi ba lambar sama.

Geelong ta nuna ana iya daɗewa a sama ba tare da rushewa ba. Zaɓen 1999 da na 2001 a ƙarƙashin Stephen Wells, shugaban masu farautarta, su suka ba ta kofin 2007, 2009 da 2011, sannan ta kawo Patrick Dangerfield a 2015 da Cameron a 2020, ta ci na 2022 da ƙungiyar da matsakaicin shekarunta ya haura 28. Sai dai ba kowa zai kwaikwayi wannan ba, domin sai kulob ɗin da 'yan wasa ke rububin zuwa.

Rushewa ma tana da nata ramin. Melbourne ta samu lamba 1 a 2008, lamba 1 da 2 a 2009, amma ta rabu da manyanta da wuri, har ta ɗora wa Jack Trengove kyaftin yana ɗan shekara 20. A 2013 wasa 2 kacal ta ci, kuma ba ta shiga zagayen neman kofi ba daga 2007 har 2017. Matasa suna buƙatar manya shida ko takwas da za su tare musu duka a fili, su kuma nuna musu yadda ake atisaye.

Me ake yi da yaron da ke son komawa garinsu?

Wannan ciwon kulob ɗin da ke wajen Victoria ne musamman, tunda mafi yawan yaran zaɓe daga Victoria suke fitowa, amma yana cizon kowa. Tom Boyd, lamba 1 a 2013, shekara ɗaya ya yi a GWS. Jason Horne-Francis, lamba 1 a 2021, shekara ɗaya ya yi a North Melbourne ya koma garinsu Adelaide, kulob ɗin Port Adelaide. Matakan da ake ɗauka sanannu ne: a ɗauki abokai biyu daga gari ɗaya, a sauke yaro a gidan wata iyali maimakon ya zauna shi kaɗai, a tsawaita kwantiraginsa tun a shekarar farko. In an tabbatar zai tafi, gara a sayar da shi yana da sauran shekara a takarda.

Akwai wasu ƙofofin ban da zaɓen ƙasa?

Akwai zaɓen ƙaramin jeri, da damar ɗaukar wanda ya yi atisaye da kulob kafin kaka, da zaɓen tsakiyar kaka da aka dawo da shi a 2019. Richmond ta ɗauki Marlion Pickett ta wannan hanya, wasansa na farko kuma shi ne wasan ƙarshe na 2019. Geelong ta ɗauki Tyson Stengle bayan Adelaide ta rabu da shi, ya shiga gwanayen shekara a 2022. Rukunin B ya kawo Mason Cox daga ƙwallon kwando a Amurka, da Mark Blicavs daga tsere. Duk mai son gurbi a zaɓen tsakiyar kaka sai ya bar wuri a buɗe tun farko, ko ya samu wanda ya yi ritaya ko doguwar jinya.

Wa ake sallama a ƙarshen kaka?

Ba lalle mafi rauni ba. Tambayar ita ce ko mutumin zai shiga 23 na farko a shekarar da kulob ke sa ran kofi. Ɗan tsakiya mai shekara 24 da ya shekara biyar bai kafu ba ya fi dogo ɗan 21 shiga haɗari. Ana kuma ƙirga kowane matsayi: kulob ɗin da ya bar kansa da rakman biyu kacal, rauni ɗaya ya isa ya jefa shi cikin matsala. Kuskuren da aka fi yi shi ne ba 'yan gefe shekara biyu ko uku barkatai, sai Oktoba ta zo a rasa guraben da za a ɗauki sababbi.

Me shigowar Tasmaniya za ta sauya?

Tasmania Devils za ta zama kulob na 19 a 2028, kuma za a ba ta lambobin sama da dama. An ga irin haka lokacin da Gold Coast ta shigo a 2011 da GWS a 2012: kowacce ta kwashi lambobi ukun farko na zaɓen da ya gabaci shigowarta, sai kulob ɗin da suka zo ƙasan tebur a shekarun suka sami lambobin da ba su kai wahalarsu ba. Shi ya sa kulob mai niyyar sake gini ke son ya gama kwasar matasansa kafin zaɓen 2027, kuma masu 'yan wasa 'yan asalin Tasmaniya ke hanzarin ɗaure su da kwantiragin da zai wuce 2028.